Kwamfuta da gudun kiɗa: ina lissafin hayayyafa ke da amfani?

Duk wanda ya taɓa leƙa kwamfutar mai sa kiɗa a wajen biki, ko ya zauna a sutudiyo ana haɗa waƙa, ya ga wata lamba maƙale a gefen sunan kowace waƙa: 96, 112, 128. Masu sana'ar na ce mata BPM, yawan bugun da kiɗan ke yi a minti ɗaya ke nan. Da ita mai sa kiɗa ke gane waƙar da za ta iya biyo bayan wata ba tare da masu rawa sun harɗe ba. Manhajoji irin su VirtualDJ da Serato kan fitar da lambar cikin 'yan sakanni, shi ya sa mutane ke ɗauka abin ba wuya. Amma masana sun haura shekara talatin suna fama da wannan tambaya, kuma har gobe akwai kiɗan da ke kayar da manhajar da ake ji da ita. Cikin dabarun da ake yawan kawowa akwai wadda ke jan hankalin ɗalibai da masu son gwaje-gwaje ƙwarai: a bar kwamfuta ta yi ta zato, ta zubar da zaton banza, ta hayayyafa mai kyau, har amsa ta fito, wato lissafin hayayyafa. A ganina dabarar tana da amfani, sai dai ba a wurin da aka fi kai ta ba.

Auna gudun kiɗa da lamba ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1815 Johann Maelzel ya yi rajistar na'urar metronom da sunansa, bayan ya ga irin wadda Dietrich Winkel ya ƙera a Amstadam, kuma a 1817 Beethoven ya fitar da lambobin gudun da yake so a kaɗa manyan kiɗe-kiɗensa da su. Amma metronom umarni yake bayarwa, makaɗi ya bi. Abin da ake nema yanzu akasin haka ne. Kiɗan an riga an kaɗa shi, an naɗe shi a fayil, sai a ce da na'ura ta faɗi gudunsa.

Na'urar kuwa ba ta jin ganga, ba ta jin murya. Abin da ke gabanta jerin lambobi ne, 44,100 a kowane sakan in faifan CD ne, kowace lamba tana nuna ƙarfin motsin iska a wannan ɗan lokaci. Matakin farko da kusan kowa ke ɗauka shi ne yanka sautin gunduwa-gunduwa, kamar ɗari a sakan, a duba yadda ƙarfinsa ya ƙaru daga wannan gunduwa zuwa ta gaba a amo mai kauri da matsakaici da siriri. Inda aka doki ganga ko aka tsinki tsarkiya, ƙarfin kan yi tsalle farat ɗaya. In aka zana wannan a takarda sai a ga layi mai tudu da kwari, kowane tudu alamar wani sauti ne da ya faro. Daga nan tambayar ta koma: wace tazara ce tudun nan ke maimaitawa a kanta? Eric Scheirer na cibiyar MIT ya fitar da wata amsa da ta yi suna a 1998. Ya raba sauti gida shida, ya tura kowane cikin jerin matatu da kowannensu ke amsa kuwwa ga tazara guda, wanda ya fi amsawa shi ne gudun. Wasu kuma sukan ɗora layin a kan kansa, su riƙa gusar da shi kaɗan-kaɗan har su ga inda tudu ya hau kan tudu.

Lissafin hayayyafa daga wani gida dabam ya fito. A shekarun 1960 Ingo Rechenberg da Hans-Paul Schwefel, suna ɗalibai a Barlin, suka riƙa canza siffar kayan gwajinsu da ka, suna riƙe canjin da ya rage turjiyar iska. A Jami'ar Mishigan kuma John Holland ya shimfiɗa tsarin abin, ya fitar da littafinsa a 1975. Turawa sun raɗa wa dabarar suna daga ra'ayin Darwin na juyin halitta, kuma na san sunan kaɗai kan sa wasu daga cikinmu ja da baya. Ba sai mutum ya karɓi wata magana kan asalin ɗan Adam ba kafin ya yi aiki da ita. Abin da manomi ke yi ne duk kaka: ya ware zangarniyar da ta fi cika ya ajiye don iri, baɗi ya shuka, ya sake ware wadda ta fi, har gonarsa ta saba da ƙasarsa da ruwan yankinsa. Bambancin kawai shi ne kwamfuta tana iya yin kaka dubu kafin a sha shayi. Dabarar ta yi aikin a zo a gani a wasu fagage. Hukumar NASA ta harba taurarin ST5 a 2006 ɗauke da eriyar da irin wannan lissafi ya zana, wata lanƙwasasshiyar waya da ba injiniyan da zai zauna ya yi tunaninta.

To, yaya za a ɗora ta a kan kiɗa? A ce muna da yankin waƙa na sakan talatin, gudunta na gaskiya 120, wato bugu ɗaya kowane rabin sakan, bugu sittin gaba ɗaya. Kwamfuta ba ta san haka ba. Sai ta ƙirƙiro zato ɗari da ka. Kowane zato lamba biyu yake ɗauke da su, gudu da kuma mafari, wato daidai inda bugun farko ya sauka. Wani ya ce 73, wani 158, wani 121. Kowanne sai a shimfiɗa bugunsa a kan layin nan mai tudu da kwari, a duba sau nawa ya faɗa kan tudu, a ba shi maki. Mai 73 zai dace nan da can bisa sa'a. Mai 121 zai fara lafiya lau, amma da yake ya ɗara gaskiya da bugu ɗaya a minti, kafin sakan talatin ya cika ya goce da rabin bugu, yana sauka cikin kwari tsakanin tudu biyu. Duk da haka makinsa ya fi na mai 73. Sai a riƙe ashirin na sama, a zubar da sauran, a cike gurbinsu da 'ya'ya: wannan ya gaji gudun wancan da mafarin wani, kuma a ɗan taɓa lambobin da ka, a ƙara ɗigo uku nan, a rage ɗigo biyar can. Cikin 'ya'yan mai 121 za a sami mai 120.6, cikin jikokinsa mai 120.1. Bayan zuriya hamsin sai ka ga duk sun taru a wuri ɗaya.

Abin yana aiki, kuma kallonsa a allo yana da daɗi. Amma tambayar da ya kamata a fara yi ita ce ko ana bukatarsa. An ƙirƙiri lissafin hayayyafa ne don matsalar da amsoshinta suka yi yawan da ba za a iya gwada su duka ba. Gudun kiɗa kuwa, in bai canzawa, fili ne ɗan ƙarami. Ɗauki daga 40 zuwa 240, ka riƙa hawa da ɗigo ɗaya, za ka sami gudu wajen 2,000. Ba kowanne mafari ɗari, ya zama zato 200,000. Wayar hannu ta yau za ta gwada su kaf, ɗaya bayan ɗaya, cikin abin da bai wuce ƙiftawa da bismilla ba, kuma ta ba ka amsa ɗaya ko sau nawa ka tambaye ta. Lissafin hayayyafa, da yake da ka yake farawa, yana iya cewa 120 yanzu, anjima ya ce 60 a kan waƙar nan dai, domin zuriyar farko ta yi sa'ar faɗawa kusa da 60 ta mamaye sauran tun da wuri. Mai sa kiɗan da ya dogara da lambar ba zai gode wa wannan ba.

Wannan 60 ɗin ita ce ainihin ciwon, kuma ba laifin hanyar nema ba ne. Mu koma kan makin da muka bayar. In muka ce a tara tsawon duk tudun da zato ya taka, mai 240 zai ci gasar kullum, domin yana taka duk inda mai 120 ya taka, ya ƙara da ƙananan sautukan da ke tsakani. In muka ce a'a, a raba jimillar da yawan bugun don a yi adalci, sai mai 60 ya ci, domin shi manyan duka kaɗai yake zaɓa, ya tsallake masu rauni. Ga kuma 80 da 180 suna jiran tasu damar a kiɗan da ke kasa bugu gida uku. Duk waɗannan lambobi suna cikin kiɗan da gaske, ba ƙarya suka yi ba. Wanda ya rubuta ma'aunin ne zai yanke wacce za a kira gudun, kuma lissafin hayayyafa zai bi hukuncinsa ido rufe. In ma'aunin ya karkace, ƙwazon neman ba abin da zai ƙara sai saurin isa ga amsar da ba ita ba.

Masana sun san da wannan tun tuni. A gasar da aka yi a taron ISMIR na 2004 a Basalona, inda manhajar Anssi Klapuri na Finlan ta zo ta ɗaya, sai da aka kafa ma'auni biyu. Na farko ya ce amsa ta yi daidai in ba ta kauce wa gaskiya da fiye da kashi 4 cikin ɗari ba. Na biyu ya yafe wa manhaja in ta faɗi ninki biyu ko uku, ko rabi, ko sulusi. Tazarar da ke tsakanin makin biyu ita ta nuna girman matsalar: manhajoji suna gano zaren bugun, amma suna rikicewa a kan matakin da za su tsaya. Mutane ma haka suke. Martin McKinney da Dirk Moelants sun sa jama'a su riƙa ƙwanƙwasa yatsa suna bin waƙoƙi, sai ga shi a waƙa ɗaya wasu na bin mai sauri, wasu na bin rabinsa. Shi ya sa gasar MIREX, wadda aka fara a 2005, ta nemi kowace manhaja ta faɗi gudu biyu tare da nuna wanda ya fi rinjaye. Maganin da aka fi yi shi ne a karkatar da ma'auni wajen 120, bisa binciken Leon van Noorden da Moelants na 1999 da ya nuna jikin mutum ya fi sakewa da bugu biyu a sakan, kusan takun mai tafiya da hanzari. Maganin yana taimakawa sau da yawa, kuma shi ne ke sa kiɗan drum and bass na Ingila, mai gudu wajen 174, ya riƙa fitowa 87 a allon masu sa kiɗa.

Ba na so a fahimce ni kamar ina cewa tunanin tara zato da yawa su yi takara bai da tushe a wannan fage. Yana da shi, har ma ya taka rawa babba. Masataka Goto da Yoichi Muraoka a Japan sun gina tsari tun 1994 mai bin bugun waƙa tana cikin tafiya, da wakilai da yawa kowanne riƙe da nasa zato. Simon Dixon ya fitar da BeatRoot a 2001 yana Biyana, kuma yadda take aiki ya cancanci a tsaya a kansa. Kowane wakili yana hasashen inda bugu na gaba zai sauka. In sauti ya zo daidai wurin, ya karɓa, makinsa ya ƙaru, ya ɗan gyara gudunsa. In sautin ya zo kusa amma ba daidai ba, sai wakilin ya rabu biyu, ɗaya ya karɓa, ɗaya ya ƙi, a bar lokaci ya nuna mai gaskiya. In biyu suka zo suna faɗin abu ɗaya, a kashe mai ƙarancin maki. Akwai haihuwa, akwai mutuwa, akwai zaɓe, amma babu gauraya iyaye biyu, kuma canjin ba da ka ake yin sa ba, kiɗan ne ke jawo shi. A nan hikimar take. Zaton yana tafiya tare da waƙar, yana gyaruwa da abin da ya ji, maimakon a yi ta jefa lambobi ana jiran sa'a.

Inda filin ke faɗaɗa da gaske shi ne kiɗan da hannu ya kaɗa, wanda gudunsa ke hawa yana sauka. Yanka waƙar minti biyar gida sittin, ka ba kowane gida zaɓin gudu ashirin kacal, yawan hanyoyin da za a iya bi lamba ce mai alƙaluma 79. Ba kwamfutar da za ta gwada su duka, don haka mutum zai ce to ga aikin lissafin hayayyafa ya samu. Amma nan ma an riga shi. Dan Ellis na Jami'ar Kolombiya ya nuna a 2007 cewa in makin ya kasance mai taruwa bugu bayan bugu, ana iya samun hanya mafi maki tabbas, ta hanyar riƙe mafi kyawun tarihi a kowane mataki a watsar da sauran. Dabararsa ce ke cikin librosa, kayan aikin da ɗaliban wannan fanni ke fara buɗewa. Daga 2011 kuma Sebastian Böck da abokan aikinsa a Ostiriya suka koya wa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai koyo daga misalai ta fitar da bugun da kanta, daga waƙoƙin da mutane suka yi wa alama, kuma tun daga lokacin irin waɗannan tsare-tsare ne ke kan gaba a gasa. Wanda duk ya ce zai ɗauko lissafin hayayyafa tsurarsa ya kara da su a kan waƙoƙin zamani, ina ganin wahalar banza zai sha.

Wurin da nake ganin dabarar ta dace ɗaki ɗaya ne a sama da inda ake sa ta. Kowace manhajar gano gudu cike take da ƙananan hukunce-hukunce da wani ya yanke: tsawon gunduwar sauti, nauyin da za a ba amo mai kauri a kan siriri, tsayin da tudu zai kai kafin a lissafa shi, inda za a karkatar da ma'auni da kuma ƙarfin karkatarwar, iyakar saurin da aka yarda gudu ya canza. Lambobi ne goma sha ko ashirin da ke shafar juna, ba a iya gwada haɗuwarsu duka, kuma makin ƙarshe, wato waƙa nawa aka ci daidai, tsalle yake yi, ba ya hawa sannu-sannu balle a bi gangarensa da lissafin da aka saba. Irin wannan fili shi aka yi lissafin hayayyafa dominsa. A nan kowane zato cikakken saitin manhaja ne, makinsa kuwa yawan waƙoƙin da ya dace da kunnen mutane a kansu. Maimakon a hayayyafa amsar waƙa ɗaya, ana hayayyafa alƙalin da zai saurari dukkan waƙoƙin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damuna: kunnen wa? Tarin waƙoƙin da aka daɗe ana gwaji da su na Turai da Amurka ne galibi. Ɗaya daga cikin sanannunsu yankuna 698 ne na kiɗan rawar zaure irin su waltz da tango da samba, kowanne wajen sakan talatin. A irin wannan kiɗa, duka mafi ƙarfi yakan sauka a kan bugun. Ba ko'ina haka yake ba. Martín Rocamora da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa manhajojin da ake yabo suna faɗuwa a kan gangunan candombe na Yurugwai, domin a can manyan duka kan kauce wa bugun da gangan. Rainer Polak ya daɗe yana auna kiɗan jembe na Bamako, ya nuna makaɗan ba sa kasa bugu kashi-kashi daidai wa daida, wani kashin gajere ne wani dogo bisa tsari tabbatacce, kuma gudun kan yi ta hawa yayin da rawa ke zafi. Binciken da Nori Jacoby ya jagoranta, wanda ya fito a 2024 daga rukunin mutane 39 a ƙasashe 15, ya tabbatar da cewa karin da kunne ke ɗauka a matsayin daidai ya danganta da kiɗan da mutum ya tashi a cikinsa.

Kiɗanmu na gargajiya yana da duk abin da zai rikita manhajar da aka rena a kan tango. Kalangu magana yake yi, mai kiɗan yana matse shi a hammata yana sassautawa, amon yana hawa yana sauka, kuma dukan da ya fi ƙarfi sau da yawa na maganar ne, ba na takun ba. Goge ba ya dukan komai, jan sa ake yi, don haka layin nan mai tudu da kwari kusan shafe yake fitowa. Mai algaita kan busa ba yankewa yana shaƙar iska ta hanci. A kiɗan ƙwarya irin na Barmani Choge hannuwa da yawa ne ke saƙa kari cikin kari, wani na kasa lokaci gida biyu wani gida uku. A fagen dambe kuwa gudun na bin zafin wasan. Sannan tsoffin faifan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyi, da yawansu daga kaset aka kwafo su, da ƙugin da ke binne ƙananan sautuka. Waƙoƙin da ake haɗawa a sutudiyon Kano da FL Studio ba su da wannan matsala sosai, tunda gudun kwamfuta ce ta kafa shi tun farko, sai dai rikicin rabi da ninki.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta mai koyo tana son misalai da yawa kafin ta ƙware, mu kuma samun dubban waƙoƙin kalangu da aka bi bugu-bugu aka yi wa alama aiki ne na shekaru. Amma saita lambobi ashirin bai bukatar dubbai. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya ko Yamai, in ya sami yankuna ɗari biyu ko uku da aka yi wa alama da kyau, zai iya ɗaukar manhaja irin ta Ellis ya bar lissafin hayayyafa ya nemo saitin da ya dace da kalangu, wani kuma da goge. Ribar ba ta tsaya ga maki ba. Lambobin da suka fito ana iya karanta su: in saitin kalangu ya rage wa amo mai kauri nauyi, ko ya matsar da tsakiyar ma'auni daga 120, an koyi wani abu game da kiɗan kansa.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Lissafin hayayyafa gwani ne wajen gano ɓarakar ma'auni. In duk waƙoƙin gwajin daga faifan mawaƙi ɗaya suke, zai haddace ɗabi'ar makaɗansa da ƙugin kaset ɗinsa, ya ba da maki mai faranta rai, ya faɗi warwas a kan mawaƙi na gaba. Dole a ware wasu mawaƙa gefe tun farko, kada a taɓa su sai ranar jarrabawa. Na biyu, alamar bugun kada a bar wa ɗalibin shi kaɗai da belin kunne a ɗakinsa. Makaɗa da masu rawa ne za su yi ta, ta hanyar tafi ko taku, a naɗi kowa dabam. Inda mai kalangu ya tafa 75 mai rawa ta taka 150, ko wani ya bi 100 domin shi gida uku yake ji, kada a zaɓi ɗaya a share sauran. A rubuta duka, da sunan rawar da ake takawa, da yawan waɗanda suka bi kowanne, sannan a gina makin yadda zai saka wa manhajar da ta gano matakan da mutanen suka bi, ta kuma jera su yadda suka jera su.